Shirun Shafin Makafin Medias

"Wa aka kaɗa wa ƙararrawa ɗazu?"

"Namiji ne dai. Kaɗawar maza ce."

"Na san namiji ne, ni ma da kunnena. Wane ne nake tambaya."

"To ki tambayi Sakatariya mana."

"Wace Sakatariyar? Ai tun da aka tsinke inabi bakinta ya mutu. Ta ce maka barka da zuwa, ta ce maka ƙarshen shafi. Kamar baƙon da ya yi sallama ya juya."

"Rage murya. Mijin Veturia na nan."

"Ina?"

"Ba ki ji tarinsa wajen murhu ba?"

Ilarie ya ji su sarai. Yana zaune a kujerar da ya saba zama duk ranar Alhamis, a ɗakin taron ƙaramar ƙungiyar makafin garin Medias, hularsa a kan gwiwa, yana jiran matarsa ta gama shan shayi da ƙawayenta. Shi kaɗai ne mai ido a ɗakin, kuma shi kaɗai ne ya sunkuyar da kai.

Sakatariya ba mutum ba ce. Muryar nan ce da ke cikin waya da kwamfuta, mai karanta wa makaho abin da ke rubuce, su ne suka laƙaba mata sunan. Abin da take karanta musu kowace safiya kuwa shafin intanet ne na ƙungiyar, wanda Ilarie ya gina da hannunsa. A nan suke jin lokacin motar asibiti, da wanda aka kwantar, da titin da aka haƙa rami. A nan kuma suke jin wanda ya mutu. A garinmu in an yi rasuwa, baƙin ƙyalle ake ratayawa a ƙofar gida, a manna takarda a allon coci, a kaɗa ƙararrawa. Biyun farko na masu ido ne. Makaho ƙararrawa kawai yake samu, ita kuwa ba ta faɗin suna.

Ilarie bai taso da kwamfuta ba. Ɗan mai haɗa gangunan giya ne daga wani ƙauye a bakin kogin Tarnava, ya shigo gari yana saurayi ya zama mai gyaran wuta a masana'antar gilashi. Can ya haɗu da Veturia, tana sashen masu duba kofuna, ta ɗaga kowanne ga fitila ta nemo tsaga. Da aiki ya ƙare a masana'antar, sa'o'insa suka watse, wasu Italiya wasu Jamus, shi ya ƙi tafiya. Da furfurarsa ya zauna ya koyi gina shafuka, har ya samu gurbi a wani ɗan kamfani a birnin Sibiu da ke yi wa Jamusawa aiki. Yaran ofishin suna ce masa Nea Ilarie, yadda ake ce wa kowane dattijo, suna dariyar yadda yake buga maɓalli kamar mai kafa ƙusa. Bai damu ba. Ya iya aikin, ya kuma san ya iya.

Sai ciwon suga ya cinye idon Veturia, sannu a hankali, na hagu sannan na dama. Matar da ta yi rayuwarta tana gano tsagar da ba wanda ke gani ta koma lalube a kicin ɗinta. Ta shiga ƙungiyar makafi, shi kuma ya ce zai gina musu shafi kyauta.

Manhajar da ya yi aiki da ita irin wadda suke yi wa Jamusawa aiki da ita ce. Tana da rumbu inda ake zuba rubutu, tana kuma zuwa da wani ɓangare da ke ɗebo abin da ke rumbun ya jera shi a shafi don a gani. Shi Ilarie mai jerawa yake ce wa wannan ɓangaren. Kowa da shi yake aiki yadda ya zo, ba mai taɓa shi.

Ranar da aka fara gwada shafin, 'yan ƙungiya suka kewaye kwamfuta, Sakatariya ta buɗe baki: "Akwati. Cikin akwati. Akwati. Hoto marar suna. Kan magana. Fita daga akwati." Sai da ta yi ta wannan kafin ta kai ga lokacin mota.

Gligor, wani tsohon mai gyaran kayan kiɗan akodiyon da aka haifa ba ido, ya karkata kai ya ce, "Nea Ilarie, wannan yarinyar kafinta ta aura ne?"

Aka yi dariya har da masu share hawaye. Ilarie ya yi tare da su, amma abin ya tsaya masa. Ga mai ido, akwatunan nan ba a ganin su, su ne ke daidaita shafi ya yi kyau. Ga kunne kuwa tarkace ne. Ya koma gida ya yi abin da ba a yi: ya cire mai jerawar gaba ɗaya. Shafi ya zama fayau, sama da ƙasa kawai, tsakiya ba komai. Daga nan ya fara rubuta nasa.

Maigidansa na Sibiu ya gargaɗe shi. "Ana iya yi, ba a hana ba. Amma daga yau duk abin da ya fashe kai ne. Masu manhaja in sun sabunta, nasu za su gyara, ba naka ba."

"Ai ina nan," in ji Ilarie.

Damina da sanyi ya yi yana abin nan. Ya rubuta, ya kai ranar Alhamis, su saurara, su kushe, ya dawo ya gyara. Tanti Aurica, wato Inna Aurica, shugabar ƙungiyar, ba ta son a ambaci hoto ko kaɗan, sai ya yi wani yanki ya sa masa sunanta. Gligor ya ce sanarwar mutuwa ta fara da suna, sannan unguwa, sannan ranar binnewa, kada a sa mutum jiran dogon yabo kafin ya san wa ya rasa. Aka yi haka, yankin ya ci sunan Gligor. Ba akwati ko ɗaya. Sakatariya ta koma magana kamar mutum mai hankali. Magatakardan coci ya karɓi kalmar sirri, duk rasuwar da aka kawo masa ya zuba ta a rumbu daga ofishinsa, da safe ta fito a kunnen kowa. Shekara goma sha wani abu ana haka. Ilarie bai rubuta wa kowa bayanin yadda ya ƙulla abin ba. Wa zai rubuta wa? Yana nan.

A bazarar bana yana kan tsani yana datse reshen inabi hawan jini ya buge shi. Bai yi tsanani ba, in ji likita. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har jarida yana karantawa in ya bi a hankali. Abin da bai dawo ba, bai gaya wa likita ba. In ya buɗe rubutun da ya yi da kansa, haruffan suna nan, yana ganin kowanne, amma ba sa riƙe juna. Ya fara layi, kafin ya kai ƙarshensa farkon ya zube. Kamar mutum ya shiga gidan da ya gina ya rasa ƙofar kicin.

Da kaka ta yi, kamfanin da ke ajiye shafin ya ɗaga kowa zuwa sabuwar manhaja. Sun sanar tun da wuri, ba su ɓoye ba, shi ne ya yi ta cewa sai ya ƙara jin ƙarfi. Sabuwar ba ta jin yaren mai jerawarsa. Wata safiya Veturia ta kunna waya a kan teburin kicin, Sakatariya ta ce barka da zuwa, ta ce ƙarshen shafi.

"Ƙaramin abu ne," ya ce mata. "Gobe."

Goben nan ya faɗa wa Tanti Aurica, ya faɗa wa duk wanda ya bugo waya. Kullum bayan karin kumallo sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya zauna gaban kwamfuta har azahar.

Veturia ce ta kira Codruta ba da saninsa ba. Codruta 'yar ƙanwarsa ce, uwar 'ya'ya biyu, irin aikinsa take yi a birnin Cluj, kuma shi ne ya fara ɗora hannunta a kan kwamfuta tana ƙarama. Ta zo ranar Lahadi, ta sumbaci innarta, ta ɗaga murfin tukunyar miyar kabeji ta ce a rage mata wuta, ta ja kujera kusa da shi.

Ta daɗe tana karanta rubutunsa a kwamfuta.

"Kawu, mene ne Aurica-ba-ta-so?"

"Na hotuna ne."

"Gligor-na-biyu fa?"

"Na farkon ya lalace."

"Amma na farkon ma yana aiki, ga shi wannan yana kiran sa. Shi kuma yana kiran wani wai shi Alhamis. Kawu, wannan manhaja ce ko rajistar ɗaurin aure?"

"Da tana aiki ba ki zo kin yi mata ba'a ba."

"Ba ba'a nake ba. Kyakkyawan aiki ne, na rantse. Amma kai kaɗai ka san hanyar cikinsa. Zauna ka bi da ni layi layi, in na samu hutun Kirsimeti mu juya shi zuwa sabon yare."

Ya dubi allon. Ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya buɗe baki, ya rufe.

"Ba yau ba," ya ce. "Kaina na ciwo."

Ta dube shi ɗan lokaci, sannan ta sassauta murya. "To ga mai sauƙi. In mayar da nasu, wanda ka cire. Kafin miyar inna ta huce na gama. Gobe da safe duk sabon abin da aka zuba zai fito."

"Tsofaffin fa?"

"Ba zai gane su ba. Da sunayenka ka ajiye su, shi nasa sunayen ya sani. Suna nan a rumbu, amma ba za su fito ba."

"Duk mutanen da muka binne."

"Ba a goge su ba, Kawu."

"Wanda ba a ji sunansa, ina bambancin? Sannan ki dawo musu da akwati cikin akwati."

"An gyara shi tun tuni. Ba shi da surutun da. Zai ɗan yi, amma ba kamar yadda ka sani ba."

"Zai ɗan yi." Ya rufe kwamfutar. "Shekara nawa na yi ina fitar da shara daga kunnen mutanen nan, ki zo ki ce zai ɗan yi. Ku 'yan Cluj komai a gwangwani kuke saye. Ki ba ni mako guda."

Daga kicin Veturia ta ce, "Kai mutumin nan, ka bar yarinya ta yi aikinta."

"Tsohuwa, ki ji da tukunyarki."

Codruta ta ci abinci, ta karɓi kwalbar yajin gauta da innarta ta ɗaure mata, ta kama jirgin ƙasan yamma. A bakin ƙofa ta ce masa, "Wayata a kunne take." Ya koma ɗaki ya rufe ƙofa.

Mako ya wuce, wani ya bi shi. A cikinsu ne aka yi Alhamis ɗin da ya zauna wajen murhu yana jin ana tambayar wa aka kaɗa wa ƙararrawa. Garin tsofaffi ne, ƙararrawa ba ta kwana biyu ba ta yi kuka ba, ba wanda zai bi kowace da tambaya. Gligor bai zo ranar ba, amma tun rani ƙafa ta hana shi fita, yana gidan 'yarsa can bayan tashar jirgi. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Alhamis ta gaba, ana tsakar shayi, aka ƙwanƙwasa. Wata mace ta shigo sanye da baƙi, da babbar jaka a hannu. Ilarie ya gane ta tun kafin ta yi magana.

"Sannunku. Ni ce 'yar Gligor."

"Maraba, 'yata," in ji Tanti Aurica. "Yaya ƙafar tsohon banzan nan? Ki ce masa kujerarsa ta fara tambaya."

Matar ta tsaya. Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye jakar a kan tebur a hankali.

"Ba ku ji ba ke nan."

Ba wanda ya motsa.

"Mun binne Baba ranar Asabar. Na kai wa magatakardan coci sanarwa da kaina, a gabana ya shigar da ita. Ya ce ku da safe kuke ji." Ta fara fito da burodin sadaka, irin naɗaɗɗen nan da ake ba wanda ya raka gawa, kowanne da kyandir ɗaure a jikinsa. Sun bushe, suna ƙara in sun taɓa tebur. "Tebur guda na ware muku wajen cin abinci, kusa da ƙofa, don kada ku sha wahalar kujeru. Baba ne ya ce a yi haka. Ya ce mutanena za su zo da yunwa, a ƙara musu nama. Mun jira har miya ta yi sanyi. Na ce ko wani laifi ya yi muku."

Tanti Aurica ta miƙa hannu tana lalube har ta taɓa burodi ɗaya. Ta ɗauka ta riƙe a ƙirji. Wani daga baya ya ce, "Ashe ƙararrawarsa ce muka ji."

Ba wanda ya juya wajen murhu. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Tanti Aurica ta tambayi ranar sadakar arba'in, matar ta ce ba a tsayar ba tukuna, sai ɗan'uwanta ya samu hutu daga Spain, in an tsayar za ta kai coci. Sannan ta ce, "Ko in bugo wa wani a cikinku?"

"Ki bugo mini," in ji Tanti Aurica. "Shafin namu ba shi da lafiya."

A hanyar gida Veturia ta riƙe gwiwar hannunsa kamar kullum har suka shiga. Ya zauna gaban kwamfuta da rigar sanyinsa a jiki. Duk makonnin nan ɓangaren rubutunsa kawai yake buɗewa, yana kokawa da layuka, bai taɓa leƙa rumbun ba. Yanzu ya leƙa. Ga sanarwar Gligor nan. Suna, unguwa, ranar binnewa, yadda mai sunan ya ce a riƙa jerawa. Magatakarda ya yi aikinsa daidai, amma rumbun kawai yake gani, bai taɓa buɗe shafin da jama'a ke ji ba, ba abin da zai kai shi. A ƙarƙashin Gligor akwai wasu, a samansa ma akwai.

Veturia tana tsaye a bakin ƙofa.

"Tana ciki?"

"Tana ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Ta jinjina kai. "Ilarie, na san ba ka iyawa. Tun bazara na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Ɗakin nan. Da in kana aiki kamar ruwan sama a kan kwano. Yanzu ɗis, ɗis, sai in ji kana gogewa. Na yi shiru don na ce kai za ka faɗa da bakinka. Da na san abin da shiruna zai ci, da na tona ka a gaban Codruta." Ta juya za ta tafi, ta tsaya. "Gligor ne ya koya mini tafiya da sanda. Kai kana Sibiu."

Bai ci abincin rana ba. Ya zauna yana kallon sunayen da ya raɗa wa yankunan aikinsa, Aurica, Alhamis, Gligor na farko da na biyu. Ya san ranar da ya rubuta kowanne, ya san dariyar da aka yi, ya san wanda ya kushe. Abin da ke cikinsu ne kawai ya daina sani. Ya kuma gane cewa Kirsimeti ba za ta kawo komai ba, don ba shi da abin da zai bi da Codruta layi layi. Ko ta samu hutun, ɗaki za ta shiga ba mai riƙe mata fitila.

Washegari ya kama jirgin safe zuwa Cluj. Yana iya bugo waya, amma ya ga maganar ba ta waya ba ce. Ya same ta a gida tana aiki a teburin kicin, kwanukan yara ba a wanke ba, abin jin magana a kunnenta. Ta gan shi a ƙofa da hula a hannu, ta cire abin kunnen.

"Inna lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau. Gligor ne ya mutu."

"Na biyu ko na farko?" Ta fara murmushi, ta ga fuskarsa, murmushin ya tsaya. "Kawu, yi haƙuri. Ban san mutum ba ne."

"Mutum ne."

Ya zauna ya gaya mata, bai rage komai ba, har da teburin kusa da ƙofa, har da layukan da ba sa tsaya masa. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta jawo kwamfutarta, ya faɗa mata kalmar sirri, ta shiga.

"Ka san sai na cire naka gaba ɗaya," ta ce. "Su biyun ba sa zama wuri guda. Zan adana maka shi a gefe, ko wata rana."

"Ba wata rana."

"Tsofaffin sanarwar kuma..."

"Na sani. Kin faɗa."

"Sakatariya za ta ɗan yi surutu. Za su yi ƙorafi."

"Su yi. Su ji suna dai, ko a cikin akwati ne."

Ta ɗora hannu a kan maɓallan. Ya ga jerin sunayen sun fito a allonta, ta zagaye su duka da shuɗi, Aurica a sama. Ya miƙe da sauri har kujera ta yi ƙara, ya laluba aljihu kamar mai neman taba, shi da ya bar sha tun bazara.

"Codruta, 'yar nan, dakata. Bari in sauka ƙasa tukuna. In kin ji ƙofar waje ta rufe, sai ki cire."